Wa ya ƙirƙiro na'urar MP3 ta aljihu, kuma me ta sauya a rayuwar mutane?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina yawan jin ana cewa kamfanin Apple ne ya ƙirƙiro na'urar sauraron waƙa ta aljihu, wato iPod, wasu kuma na cewa akwai waɗanda suka riga shi. Wanne ne gaskiya? Ta yaya waƙa dubu ke shiga abin da bai wuce tafin hannu ba? Kuma da gaske ita ce ta karya kasuwar faifai, ta kuma lalata kunnuwan matasa?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Ba Apple ne ya fara ba. iPod ta fito ne a watan Oktoban 2001, alhali tun 1998 ana sayar da irin waɗannan na'urori. Sai dai in aka nuna mutum ɗaya aka ce shi ne mai ƙirƙirar, nan ma ba a faɗi daidai ba. Abu uku ne sai da suka haɗu kafin na'urar ta yiwu: hanyar rage nauyin sauti, wurin ajiya ƙarami mai araha, da hanyar zuba waƙa cikin sauri. Duk wanda ya zo kafin ukun nan su kammala, komai basirarsa, bai kai labari ba.

Kane Kramer, ɗan Birtaniya, shi ne babban misali. A 1979, shekarar da Sony ya fitar da Walkman mai kaset, Kramer ya zana wata na'ura da ya sa wa suna IXI, mai allo da maɓallai da ƙwaƙwalwar ajiya wadda ba ta da abin juyawa. Abin da ƙwaƙwalwar za ta iya ɗauka bai wuce minti uku da rabi ba. Ya yi rajistar haƙƙin ƙirƙira, amma a 1988 rajistar ta faɗi don ba a samu kuɗin sabunta ta ba. Tunaninsa daidai ne, kayan aikin ne ba su iso ba tukuna.

Don ka gane girman matsalar, dubi lissafin faifan CD. Ana auna sauti sau 44,100 a kowace daƙiƙa, kowane awo yana cin bit 16, kuma hanya biyu ce, ta kunnen dama da ta hagu. In ka ninka su za ka samu kilobit 1,411 a daƙiƙa, wato minti ɗaya yana cin megabayit 10 da ɗoriya. Waƙa mai minti huɗu ta haura megabayit 40. A ƙarshen shekarun 1990, da layin tarho ake shiga intanet, sauke waƙa guda mai wannan nauyi sai ya ci fiye da awa biyu.

Masu bincike a cibiyar Fraunhofer da ke Erlangen a Jamus, waɗanda aka fi sanin Karlheinz Brandenburg a cikinsu, su ne kan gaba wajen samar da mafita. An wallafa ƙa'idar wannan hanyar rage nauyin sauti, wato MP3, a 1993, sunan .mp3 kuma a watan Yulin 1995 aka zaɓe shi. Dabarar ta dogara ne kan raunin kunnen ɗan Adam. Kunne yana jin sauti daga hertz 20 (hertz shi ne ma'aunin kauri ko sirantar sauti) zuwa kusan 20,000, amma ba da ƙarfi ɗaya ba. Ya fi kaifi tsakanin 2,000 da 5,000, inda yawancin bayanin muryar mutum yake. Sannan ƙara mai ƙarfi tana danne mai rauni da ke kusa da ita. In jirgin ƙasa na wucewa, wanda ke gefenka yana magana ba ka jin sa, duk da cewa muryarsa tana nan. Har bayan ƙarar ta wuce, akwai ɗan taƙin lokaci da kunne bai dawo daidai ba.

Manhajar da ke matse sautin tana yanka shi gutsure-gutsure, kowane gutsure awo 1,152, kusan kashi ɗaya cikin arba'in na daƙiƙa ke nan. Sai ta raba kowane gutsure zuwa rukuni 32 daga sauti mai kauri zuwa siriri, ta ƙara tsattsaga su zuwa layi 576. Daga nan ta ƙiyasta wane layi kunne zai ji sosai, wane ne aka danne. Wanda za a ji ta rubuta shi dalla-dalla, wanda aka danne ta rubuta shi sama-sama ko ta watsar da shi. Abin da ya rage sai a sake tattara shi da wata dabarar lissafi da ba ta zubar da komai. A kilobit 128 a daƙiƙa, fayil ɗin yana komawa kusan kashi ɗaya cikin sha ɗaya na asalinsa, minti ɗaya bai cika megabayit guda ba.

Lissafin da zai amfane ka shi ne: ninka kilobit da yawan daƙiƙoƙi, ka raba da takwas, ka samu kilobayit. Waƙa mai minti huɗu a kilobit 128 ta kama megabayit 3.8. A 320, wanda shi ne ƙololuwar MP3, ta kai 9.6. Magana zalla, kamar lacca ko karatu, kilobit 64 a hanya ɗaya ya wadatar, awa guda kusan megabayit 29.

Abin da aka watsar ba ya dawowa, kuma nan ne mutane da yawa ke yaudarar kansu. In ka ɗauki fayil mai 128 ka mayar da shi 320, nauyinsa kawai ka ƙara, ingancin yana nan yadda yake ko ma ya ragu, domin kowane sabon matsi yana sake zubar da wani abu, kamar a yi ta buga kwafin takarda daga kwafi. Alamar fayil da aka matse fiye da kima ita ce kayan kiɗa masu siririyar ƙara su riƙa fita kamar ana watsa ruwa, tafin jama'a ya cakuɗe, bugun ganga mai kaifi ya zo da ɗan shuu a gabansa. Yawancin manhajoji a kilobit 128 suna datse duk abin da ya haura hertz 16,000.

Da fayil ya yi sauƙi, sai na'ura ta biyo baya. A watan Maris na 1998 kamfanin SaeHan na Koriya ta Kudu ya nuna MPMan F10 a baje kolin CeBIT a Hanover, kuma ita ake ɗauka a matsayin ta farko da aka ƙera da yawa don sayarwa. Megabayit 32 gare ta, wato rabin awa, waƙa takwas ke nan. A watan Satumba na shekarar kamfanin Diamond ya fito da Rio PMP300 a kan dala 200, ita ma megabayit 32, tana aiki da batir AA guda ɗaya, tana da ramin ƙara kati. Da kebul ɗin firinta ake haɗa su da kwamfuta. Fifikonsu kan na'urar CD ta hannu shi ne ba abin da ke juyawa a ciki, don haka ko gudu kake yi waƙa ba ta tsalle.

Rio ce ta fara shiga kotu. A watan Oktoban 1998 ƙungiyar kamfanonin faifai ta Amurka, RIAA, ta kai ƙarar Diamond tana neman a hana sayar da na'urar bisa wata doka ta 1992 kan naɗar sauti a gida. A watan Yunin 1999 kotun ɗaukaka ƙara ta ce dokar ba ta hau kan Rio ba, domin daga kwamfuta take karɓar fayil, kuma mutum ya kwashe waƙar da ya mallaka zuwa wata na'ura don amfanin kansa ba kasuwanci ba ne. A ganina wannan hukunci ya fi kowace sabuwar ƙira muhimmanci a wancan lokaci. Ba don shi ba, manyan kamfanoni ba za su zuba kuɗinsu a abin da kotu za ta iya rufewa gobe ba.

Rabin awa dai ba ta isar kowa. Memorin filash, wato ƙwaƙwalwar ajiya marar abin juyawa, yana da tsada a lokacin, sai aka koma ga had dis, faifan ajiya mai juyawa na kwamfutar cinya. Injiniyoyin Compaq suka tsara PJB-100, kamfanin HanGo ya ƙera ta a 1999 da gigabayit 4.8. Creative ya biyo da Nomad Jukebox a 2000, gigabayit 6, girmanta kamar na'urar CD ta hannu. Wuri ya samu, amma sai wasu matsaloli biyu suka taso. Kebul ɗin USB na zamanin megabit 12 yake iya turawa a daƙiƙa, a aikace ma bai kai haka ba, don haka cika na'urar aikin awanni ne. Sannan neman waƙa ɗaya cikin dubu da maɓallin sama da ƙasa wahala ce ta gaske.

Waɗannan biyun Apple ya gyara, kuma shi ne ainihin abin da ya kamata a yaba masa. Jon Rubinstein ya samo had dis na Toshiba mai faɗin inci 1.8, Tony Fadell ya jagoranci haɗa na'urar, furosesa daga PortalPlayer aka sayo, ƙwayar da ke mayar da lambobi sauti kuma daga Wolfson. Ranar 23 ga Oktoban 2001 aka gabatar da ita: gigabayit 5, dala 399, batir mai awa goma. Waƙa dubu da aka yi talla da ita lissafi ne kawai, minti huɗu-huɗu a kilobit 160 sau dubu ya ba da gigabayit 4.8. Kebul ɗin FireWire mai megabit 400 yana cika ta cikin kusan minti goma, yana kuma yi mata caji a lokaci guda. Da'irar da ke fuskarta kuwa, gwargwadon saurin da ka juya ta gwargwadon yadda jerin sunaye ke gudu. Manhajar iTunes ta ɗauke aikin tsarawa daga na'ura ta mayar kan kwamfuta, inda akwai babban allo. Da farko da Mac, kwamfutar Apple, kaɗai take aiki. Sai da aka buɗe ta ga masu Windows daga 2002 kasuwarta ta fara faɗi.

Akwai wata dabara a cikinta da ke bayyana abin da masu ita suka yi ta kuka a kai. Had dis yana shan batir sosai, kuma girgiza tana cutar da shi yayin da yake juyawa. Don haka aka sa memorin wucin gadi na megabayit 32. Faifan zai juya na 'yan daƙiƙoƙi, ya zuba kusan minti ashirin na waƙoƙin da ke tafe, ya kwanta. In ka bar jerin yana tafiya, batir zai kai yadda aka faɗa. In kana ta tsallake waƙa, ko ka zuba fayil da ba a matse ba, faifan zai yi ta tashi, caji ya ƙare da wuri.

Sauran lalacewar da aka fi gani ba su da yawa. Na'ura mai had dis in ta faɗi tana juyawa, allurar karatu tana goga faifan, sai ka ji ƙas-ƙas tana maimaitawa; yau masu gyara suna cire faifan su sa abin da ke karɓar katin memori a gurbinsa. Batirin lithiyam yana fara rauni bayan caji kamar 300 zuwa 500, zafi da barin sa a mace na watanni suna gaggauta hakan, in kuma ya kumbura har murfi ya ɗaga to a daina sa masa caji, a canza shi. Sauti ya riƙa fita kunne ɗaya, yawanci dalmar ramin iyafis ce ta tsage saboda jan waya. Zare kebul ana cikin kwafi yana rikita teburin fayiloli, waƙoƙi su ɓace alhali wurin a cike yake. Tsofaffin na'urori tsarin ajiye fayil na FAT32 suke karantawa, kati da ya haura gigabayit 32 kuma da wani tsari, exFAT, yake zuwa, shi ya sa suke cewa babu kati sai an sake masa tsari. Akwai kuma memorin bogi a na'urori masu arha: an rubuta giga 16, ainihinsa 2 ne, sabon fayil yana hawa kan tsoho. Gwajinsa shi ne a cika shi taf da manhaja irin H2testw a sake karantawa. Sunan mawaƙi da na waƙa kuwa ba daga sunan fayil na'ura ke ɗauka ba, daga wani ɗan rubutu ne a cikin fayil ɗin da ake kira ID3, wanda tsohon samfurinsa harafi 30 kacal yake ɗauka. In babu shi, komai sai ya taru a ƙarƙashin "ba a sani ba".

Batun karya kasuwa kuwa, a lura da jerin shekarun. Napster, manhajar musayar fayil da Shawn Fanning ya rubuta, ta fito a watan Yunin 1999, kotu ta sa ta rufe a watan Yulin 2001, wata uku kafin iPod ta bayyana. Kuɗin da kasuwar faifai ta Amurka ke samu ya kai ƙololuwa a 1999, kusan dala biliyan 14.6, ya yi ta sauka har ya tsaya wajen biliyan 7 a 2014. Ke nan ɓarakar ta riga na'urar. Fayil mai sauƙi da intanet su ne suka fara, na'urar aljihu ta ba mutane dalilin tara dubban fayiloli, tun da yanzu za su fita da su daga ɗaki. Masana tattalin arziki har yau sun saɓa kan ko kashi nawa na faɗuwar za a ɗora wa kwafin da ba a biya ba. RIAA ta koma kai ƙarar ɗaiɗaikun mutane a watan Satumban 2003, ta fara da 261, ta kai dubbai kafin ta daina a ƙarshen 2008, kuma hakan bai dawo da ciniki ba.

Abin da ya fi tasiri shi ne shagon iTunes da aka buɗe ranar 28 ga Afrilun 2003, waƙoƙi 200,000, kowace a kan senti 99. A makon farko aka sayar da miliyan ɗaya. Wannan ya nuna mutane za su biya in an sauƙaƙa musu, amma ya zo wa kamfanoni da asara ta wata fuska. Da, mai son waƙa biyu sai ya sayi faifai mai goma sha biyu. Yanzu biyun kawai zai ɗauka. Mawaƙin da ya ɓata lokaci yana jera waƙoƙinsa ɗaya bayan ɗaya don su ba da ma'ana tare, sai ya ga mai sauraro ya danna maɓallin cakuɗawa. A 2005 ma Apple ya fitar da iPod shuffle wadda ba ta da allo sam. Mai sauraro ya zama shi ke tsara jerinsa, na motsa jiki daban, na tafiya daban, na karatu daban.

Ma'anar mallaka ita ma ta sauya, kuma wannan ya dame ni fiye da batun ciniki. Faifai ko kaset kana iya ara wa aboki, ka sayar, ka bar wa magada. Waƙoƙin farko na shagon iTunes an kulle su da FairPlay, ba sa aiki a na'urar wani kamfani, kuma an ƙayyade yawan kwamfutocin da za su buɗe su. Sai a 2009 aka cire makullin daga waƙoƙi. Amma mutane sun riga sun saba da biyan kuɗi kan abin da ba sa riƙewa a hannu, kuma a kan wannan sabo ne Spotify, dandalin sauraron waƙa ta intanet da ya fara a Suwidin a 2008, ya gina haya zalla: ka daina biya, komai ya tafi.

Ba waƙa kaɗai ta ci moriya ba. Kalmar podcast, wato shirin magana da ake saukewa daga intanet, ta fara bayyana a jaridar Guardian a watan Fabrairun 2004, daga sunan iPod aka ciro rabinta, a 2005 kuma iTunes ya buɗe mata sashe. Wanda ba shi da gidan rediyo ya samu hanyar kai muryarsa kunnen jama'a. Jami'ar Duke ta raba wa sababbin ɗalibanta iPod a 2004 don naɗar darasi da sauraro. Masu koyon harshe, makafi da ke sauraron littattafai, masu haddar karatu da ke maimaita sashe ɗaya sau hamsin, duk sun samu abin da kaset ba ya yi musu ba tare da ya tsinke ba. A ƙasashen da intanet ke da tsada, na'urori masu arha ƙirar Sin da katin memori da Bluetooth ne suka yi wannan aiki, fayil yana yawo daga hannu zuwa hannu ba tare da ya bi ta wani shago na intanet ba.

Zancen kaɗaici ya girmi MP3. Tun 1984 masanin Japan Shuhei Hosokawa ya yi rubutu kan yadda Walkman ke raba mutum da wurin da yake. Michael Bull na Jami'ar Sussex ya bi masu iPod da tambayoyi, ya ga suna amfani da ita ne don mallakar lokacinsu da yanayin zuciyarsu a cikin cunkoson birni, wasu ma don a ƙyale su. Bambancin shi ne kaset yana ƙarewa, a juya shi, a cire abin kunne. Waƙa dubu ba ta ƙarewa a yini guda. Gaisuwa da 'yar hirar da ke shiga tsakanin baƙi biyu a mota ko layi sun ragu, kuma mai tsallaka titi da kunne a toshe yana cikin haɗari.

Na'urar kanta ba ta daɗe ba. Apple ya sanar da sayar da miliyan 100 a watan Afrilun 2007, ciniki ya kai ƙarshen hawansa a 2008 da kusan miliyan 55 a shekara, daga nan wayar hannu ta haɗiye aikin. An daina iPod classic a 2014, samfurin iPod na ƙarshe kuma a watan Mayun 2022. Lasisin MP3 ya ƙare a 2017, kowa na iya amfani da shi kyauta.

Saura kunne, kuma a nan amsar ita ce e, haɗarin gaskiya ne, ya kuma koma cikin waya tare da waƙoƙin. A can cikin kunne akwai ƙananan ƙwayoyi masu gashi da ke mayar da motsin sauti saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai yawa tana kashe su, kuma a jikin ɗan Adam ba sa sake tsirowa. Illar tana bin ƙarfi da tsawon lokaci tare. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya ga babba shi ne desibel 80 (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne) na awa 40 a mako, ga yaro desibel 75. Duk ƙarin desibel uku yana raba lokacin biyu. A desibel 90 awa huɗu ke gare ka a mako, a 100 kusan minti ashirin. Na'urori da yawa suna iya wuce 100 in an ƙure su, shi ya sa Faransa ta kafa iyakar 100, Tarayyar Turai kuma ta sa a tsayar da su a 85 sai mai ita ya amince da gargaɗi kafin ya haura. A 2015 hukumar ta ƙiyasta matasa biliyan 1.1 na cikin haɗarin rasa ji saboda irin wannan sauraro da wuraren nishaɗi masu ƙara.

Abin da ke sa mutum ƙure sauti yawanci hayaniyar waje ce, kamar cikin mota ko jirgi. Iyafis mai roba da ke toshe ramin kunne, ko hedifon mai rage hayaniya, yana sa ka ji sosai a ƙaramin mataki, don haka ya fi wanda ke zama a bakin kunne kawai. Ka tsaya a kashi 60 cikin ɗari na ƙarfin na'ura, ka huta bayan kowace awa, ka kunna iyakar sauti a saitin waya, musamman ta yara. In wanda ke nesa da kai da tsawon hannu sai ya ɗaga murya kafin ka ji shi, sautin ya yi yawa. In ka cire abin kunne ka ji kunnenka na ƙugi ko muryoyi sun dusashe, ƙwayoyin sun wahala ke nan. In hakan ya wuce kwana ɗaya ko biyu, ko kana jin magana amma ba ka rarrabe kalmomi a cikin taro, je ka a auna maka ji a wurin likitan kunne.